Faifan Masu Dubiya: Ta'aziyyar Muttaka Baduku

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Muttaka Idris, badukun Kasuwar Kurmi, mazaunin unguwar Sheshe a cikin birnin Kano. Ya rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da 'yan kai, aka kuma yi masa sutura kafin magariba. Mu na Allah ne, wurinSa kuma za mu koma. Bakina ya faɗi haka tun a ranar, zuciyar ce take tahowa a baya sannu a hankali.

Ni ce Zaituna, taubashiyarsa. Mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito, kuma katanga ce kawai ta raba gidanmu da nasu. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, kuma duk wanda ya zauna a Sheshe ya san ba a yi mini shaidar sanyin baki ba. Na faɗi wannan tun da wuri don mai karatu ya san wadda take magana, ya kuma yi mini uzuri idan ya ji ina yi wa mamaci magana kamar yana zaune a gabana. Tun muna yara haka nake yi masa magana, ban san wata hanyar ba.

To, Muttaka, ka tafi ka bar mini wasiyyar da ba zan iya riƙewa ba. A gadon asibiti ka ce kada a gaya wa kowa abin da likita ya faɗa mana game da ciwonka. Na ji ka sarai. Amma matarka Sa'adiyya tana kwance da irin zazzaɓin da ya kwantar da kai, kuma mutanen da suka cika ɗakinka da alheri su ne suke cika nata. Saboda haka zan faɗa. Kafin in kai can, bari in fara ba ka haƙƙinka, in gaya wa waɗanda ba su san ka ba ko kai wane ne.

Dukanci ka gada a wurin mahaifinka, Kawu Idris, kuma a rumfarsa ka zauna har ƙarshen ranka. Kana ɗinka jaka da takalmi kamar sauran dukawa, amma abin da aka fi sanin ka da shi shi ne gafaka, jakar fatar nan da ake adana Alƙur'ani a ciki. Mutum yakan zo maka da Alƙur'anin kakansa, rubutun hannu, gafakar ta cinye ta yayyage. Sai ka tashi ka yi alwala kafin ka taɓa. Idan ka gama sabuwa, kakan yanko ɗan yanki daga tsohuwar fatar ka ɗinke shi daga ciki, inda ido ba ya gani. Na taɓa tambayar ka amfanin wannan ɓata lokaci, ka ce gumin hannun mai littafin yana jikin tsohuwar, bai kamata a raba su ba. Mutane da yawa suna rataye da aikinka a ɗakunansu ba su san akwai wannan yanki a ciki ba. Su buɗe su duba, za su same shi.

A ƙofar zaurenka akwai randa wadda ba ta taɓa bushewa ba, ko a lokacin da famfo ya ɗauke unguwa ta koma sayen ruwan 'yan garuwa. Da kanka kake wanke moɗar kowace safiya kafin ka tafi kasuwa. Wajen dubiya kuwa, ban san na biyunka ba. Idan aka ce wane ba shi da lafiya, kafin danginsa na nesa su ji kai ka riga ka je ka dawo, da ɗan lemonka ko dabino a aljihu. Ba ka da dogon zance a gaban mara lafiya. Ka gaishe shi, ka yi addu'a, ka tashi. Na sha ce maka da za a ba da sarautar dubiya a birnin nan, da ba ka da abokin takara.

Amma halin da ya fi kowanne fitowa a jikinka, wanda kuma ya kawo mu ga wannan rubutu, shi ne ba ka iya mayar da hannun mai kyauta ba. Karɓa kaɗai ba ta isar ka, sai ka yi amfani da abin a gaban mai shi, don ya tafi da farin ciki. Goro ba ya yi maka daɗi, amma duk wanda ya miƙo maka sai ka ɓantara ka tauna yana kallo. Ranar salla kakan ci tuwon gida uku ko huɗu, ka dawo kana nishi, Sa'adiyya ta jiƙa maka kanwa. Maƙwabciyarmu Hajo, Allah Ya ji ƙanta, ta ɗinka maka hula bayan idonta ya yi rauni. Hular ta yi maka kaɗan, zanen ya karkace, zaren ma bai dace da juna ba. Da ita ka je idi. Na tare ka a lungu na ce ka yi kama da tulun da aka rufe da murfin kwalba. Ka yi dariya ka gyara mata zama, ka wuce ta ƙofar gidan Hajo don jikokinta su gani su gaya mata.

Ni ma na gwada ka, kamar yadda taubasai suke yi. Ranar sunan 'yata ta fari na ware maka dambu na musamman, na zazzage masa yaji kamar ba gobe, na laɓe ina leƙe. Ka ci, hawaye yana zuba, hanci yana zuba, ka share kwanon tas, ka aiko a ce mini gishiri ya yi daidai. Daga baya na ce maka wannan ba kirki ba ne, wauta ce. Amsar da ka ba ni ita ce wadda kake ba kowa: ai ba abin kake dubawa ba, tattakin da mutum ya yi ya kawo maka kake dubawa. Na yi maka tsiya a kan wannan magana shekara da shekaru, kuma a raina na san ka fi ni gaskiya. Har yanzu ina ganin ka fi ni gaskiya, in ban da a wuri ɗaya.

Ciwon ya fara ne a ƙarshen damina. Ka dawo daga kasuwa tun kafin la'asar, abin da ba ka saba ba, jikinka zafi zau, kanka yana sara ta bayan idanu, gaɓoɓinka kuma ka ce kamar an daka su a turmi. Mu a nan ciwo uku muka sani. Idan jiki ya yi zafi, maleriya ce. Idan ya ƙi sauka, taifod ce. Idan ido ya canja launi, shawara ce. 'Yarka Nusaiba ta je kemis ta karɓo maganin maleriya da farasitamol, aka ba ka, aka jira sauƙi.

Sai dubiya ta fara. Mutumin da ya taka ƙofar kowa, ai kowa zai taka tasa. Dukawan Kurmi suka zo, abokan sahun masallaci suka zo, maƙwabta da dangi suka zo, kuma kusan kowa da 'yar ledarsa a hannu. Wannan ya kawo ƙwayar da ta yi masa maganin ciwon baya. Wancan ya kawo ta mura, wai tana saukar da zazzaɓi nan take. Wani ya kawo garin nan na ciwon jiki da ake kaɗawa a ruwa. Wani ya kawo ragowar wadda ya sayo a Makka, yana cewa ta can ba irin ta nan ba ce. Mata suka aiko da jiƙe-jiƙe a gorunan ruwa. Sa'adiyya ta ɗauko faifai ta ajiye a gefen gadonka, ana tarawa a kai. Kai kuma duk wanda ya miƙo, sai ka yunƙura ka tashi zaune, ka karɓa da hannu biyu, ka yi bisimilla, ka haɗiye a gabansa.

Nusaiba ta yi magana. Ta ce, "Baba, maganin nan ya yi yawa."

Ka ce, "Nusaiba, mutum ya rufe rumfarsa ya tako har nan. In ce masa me?"

Ni kunun tsamiya na kawo, shi ma ka shanye. Na dubi faifan na ce ka mayar da cikinka kemis, sai dai a rataya maka allo a wuya. Duk ɗakin aka yi dariya, har da kai. A lokacin babu wanda ya ga abin tsoro a kan faifan nan, zumunci muka gani.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka. Aka yi ta hamdala. Har ka fito ka zauna a dakalin ƙofar gida, masu wucewa suna yi maka barka, kowa yana cewa ai nasa ne ya yi aiki, kai kuma kana amsa wa kowa da cewa ƙwarai kuwa. Ashe saukar zazzaɓin nan ita ce mashigar wahala. Amai ya fara, ko ruwa ba ya zama. Gefen cikinka na dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ya riƙa ciwo har ba ka son a taɓa. Ka yi asuwaki, dasashi ya yi ta jini ya ƙi tsayawa. Da Sa'adiyya ta fito da kai tsakar gida don ka sha hantsi, ta ga farin idonka ya koma rawaya.

Nan take unguwa ta yanke hukunci: shawara ce, kuma ita shawara ba ta son allura, ba a kai ta asibiti. Haka muka taso muka ji ana faɗa. Sai aka aika wa Inna 'Yardada. Ga wanda bai san ta ba, Inna 'Yardada ƙanwar mahaifiyar Muttaka ce, ita ta goye shi, ita ta ƙarasa rainonsa bayan mahaifiyarsa ta rasu. Ta haura tamanin, kuma jiƙonta na shawara ya yi suna har wajen ganuwa. Ta zo tana dogara sanda, da kwalba ƙulle a gefen mayafi. Da hannunta ta tallafi ƙeyarka ta ba ka, kamar yadda take yi maka kana yaro. Ka sha safe da yamma.

Daga nan ka fara barcin da ba na lafiya ba, a tashe ka da ƙyar. Idan ka farka sai ka kira Sa'adiyya da sunan mahaifiyarka. Yatsunka suna ta motsi a kan bargo, kana ɗinki babu fata babu basilla. Nusaiba ba ta ƙara tambayar kowa ba. Ta kira mijinta Kabiru, suka tsayar da adaidaita a bakin lungu, aka ciccibe ka zuwa asibiti. Wasu dattawa sun yi gunaguni a zaure, ba ta ko waiwaya ba.

Aka ɗebi jini, aka yi gwaje-gwaje, aka sa maka ƙarin ruwa. Da sakamako ya fito likita ya kira mu, ni da Nusaiba da Kabiru. Ya ce babu maleriya a jikinka, babu taifod. Wani zazzaɓi ne da ake kira denge. Ni dai ban taɓa jin sunan ba sai ranar. Ya ce shi ma sauro ne yake kawo shi, amma ba sauron dare da muka sani ba. Wannan da rana yake cizo, yana da ɗigon fari a ƙafafu, kuma a cikin ruwa mai tsabta da aka ajiye a buɗe yake hayayyafa. Ya ce yawancin waɗanda suka kamu suna warkewa, amma cutar tana yawan taɓa hanta, wani kaɗan, wani da yawa, kuma lokacin da aka fi jin tsoro shi ne daidai sa'ad da zazzaɓin ya sauka. Rawayar ido da barcin da ruɗewar duk daga hanta suke, ta kumbura ta kasa tace jini. Sannan ya tambayi abin da ka sha a gida. Nusaiba ta fara lissafi ta kasa. Ya ce a je a kawo duka.

Kabiru ya dawo da faifan, an rufe shi da ɗankwali. Likita ya riƙa ɗaukar kwalayen ɗaya bayan ɗaya, yana juya bayansu, yana karanta ƙananan rubutun da babu wanda yake karantawa, yana warewa. Mafi yawansu suka taru a gefe guda. Sunayensu daban, launinsu daban, wani na mura, wani na ciwon baya, wani gari, wani ƙwaya, amma ya ce duk farasitamol ne a cikinsu. Wanda ya sha daga kowanne, ya sha abu ɗaya ninkin-ba-ninkin, kuma hanta ce take ɗaukar nauyin. Wasu kuma ya ware su gefe ya ce irin waɗannan suna ƙara zubar jini ga mai wannan cuta. Da ya zo kan goruna da kwalabe, ya ce shi bai san abin da ke ciki ba, don haka ba zai yi musu ƙarya ba.

Zan rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, domin ba na son a ƙara mata gishiri. Ya ce, "Hajiya, ba zan ce magungunan nan ne suka kai shi ga haka ba. Cutar ita kaɗai tana iya yi. Abin da zan iya cewa shi ne, hantarsa tana cikin ciwo aka yi ta ɗora mata kaya."

Washegari da hantsi hankalinka ya ɗan dawo. Ka gane mu, ka nemi a yi maka taimama. Ka ga faifan a kan durowa, ka tambayi abin da ya kawo shi asibiti, Nusaiba ta gaya maka, don ba ta iya ɓoye maka komai ba. Sannan ka dube ni, ni da ka san bakina, ka ce, "Zaituna, kada a gaya musu. Alheri suka yi. Musamman Inna, kada ta ji." Na ce to. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da muka yi da kai. Bayanta ka koma barcin, ba ka ƙara farkawa ba har ka cika ranar Talata.

Na yi niyyar riƙe maka amana, Allah Ya sani. A zaman makoki duk wanda ya tambaya sai mu ce zazzaɓi ne, kwana ya ƙare. Kuma gaskiya ce, kwana ne ya ƙare. Amma ranar sadakar uku Sa'adiyya ta kasa tashi gaishe da mutane. Jiki zafi, ciwon kai ta bayan idanu, gaɓoɓi suna ciwo. Nusaiba ta ce asibiti. Wasu suka ce mai takaba ba ta fita, aka tambayi limamin unguwa, ya ce lalura ta halatta mata, a kai ta. Gwaji ya nuna denge. Likita ya ce nata bai yi tsanani ba tukuna, ta koma gida ta yi ta shan ruwa, a riƙa kawo ta ana duba jininta. Ya rubuta magani ɗaya tak da adadin da za ta sha, ya ce ko ƙwaya ɗaya kada a ƙara a kai, ko ta wane ne, ko daga ina ta fito.

A ranar muka bi gidan lungu-lungu. A bayan ɗakinka muka sami robobin da kake jiƙa fata, da ruwan sama a ciki, 'yan tsutsotsin sauro suna ta wutsil-wutsil. Muka kifar da su. Randar ƙofar zaure ma muka same su a ciki. Kabiru ya ce a fasa ta, na ce ba a gabana ba. Aka wanke ta, aka yi mata murfi, kuma tana nan cike har yau.

Sauro mai sauƙi ne, Muttaka. Mutane ne masu wuya. Gidan cike yake da mata masu zuwa gaisuwa, kuma da labari ya bazu cewa mai takaba ba ta da lafiya, sai ledoji suka fara shigowa. Ita kuwa Sa'adiyya ta yi kusan shekara arba'in tana kallon yadda kake karɓar kyauta, ta koya tsaf. Ban san wanda ya mayar da faifan nan gefen gado ba, na dai shiga na gan shi, har an fara tarawa. Sai na ɗauko tabarma na shimfiɗa a ƙofar ɗakinta na zauna. Duk wadda ta zo da leda in ce tana barci, kawo in ajiye. Ba ni da dalilin da zan bayar, domin ka ɗaure mini baki. Aka fara cewa Zaituna ta zama mai gadi, wasu suka ce dama can haka take, ba ta son a taimaki kowa. Wannan bai dame ni ba, an faɗi abin da ya fi shi a kaina. Abin da ya dame ni shi ne ranar da na tashi yin sallar azahar, na dawo na ga fankon garin ciwon jiki a ƙarƙashin matashinta. Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya Zaituna, wadda ta kawo a tsaye take a kaina, na ji kunya." Na ji haushinka ranar, ba zan ɓoye ba.

Zazzaɓinta ya sauka ranar da Inna 'Yardada ta zo. Tun daga zaure na ji ƙarar sandarta. Kwalbar nan ce dai, ƙulle a gefen mayafi. Zan iya tare kowa a Sheshe, amma ba zan iya tare Inna ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta wuce ni ta shiga, na bi ta a baya.

Ta zauna a bakin gado, ta kwance kwalbar. Ta ce, "Sa'adiyya, tashi ki sha tun ido bai juya ba. Shi an makara ne. Ba zan rasa ku biyu ba."

Sa'adiyya ta yunƙura ta tashi zaune, ta karɓa da hannu biyu, sak yadda kake yi. Ta dube ni. Ni kuwa, mai bakin unguwa, sai na dubi ƙasa. Ta riƙe kwalbar a cinyarta jim kaɗan, sannan ta ce, "Inna, na karɓa, Allah Ya saka da alheri. Amma ba zan sha ba. Malam ya sha nasa, ya sha nawa."

Inna ta dube ta. Tsufa ya taɓa mata ƙafa da ido, bai taɓa mata hankali ba. Ta juyo ta ce, "Zaituna, me likita ya ce?"

A nan na karya wasiyyarka. Na gaya mata komai, da sunan cutar, da faifan, da yadda aka ware kwalaye. Na gaya mata likita bai ce jiƙonta ne ba, bai ce na kowa ne ba, ya ce dai hanta ce mai ciwo aka yi ta ɗora wa kaya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ya hana a gaya mini ko?" Na ce ya hana. Ta gyaɗa kai ta ce, "Tun yana goye haka yake. Ko kunu ya ƙona masa baki ba ya tofarwa."

Ta miƙa hannu ta karɓi kwalbarta, ta mayar gefen mayafi ta ƙulle. Ta ce a ba ta kujera. Aka kawo 'yar tsugunno, ta sa aka ajiye a ƙofar ɗakin, kusa da tabarmata, ta zauna ta gicciye sandarta a kan ƙofa. Ba a daɗe ba wata baiwar Allah ta shigo da leda. Inna ta ce mata, "Addu'a kika kawo? Shiga da ita. Ledar, bar ta nan." Babu wadda ta yi mata musu, ranar ko bayanta. Ita ce kuma ta ce in rubuta wannan, in sa sunanta a ciki, don kada a ce Zaituna ce ta ƙirƙira.

Ga waɗanda suka kawo wa Muttaka magani, in ban da Inna ban ambaci sunan kowa ba kuma ba zan ambata ba. Ba ku da laifi a wurinsa, ya faɗa da bakinsa cewa alheri kuka yi. Ajalinsa a rubuce yake tun kafin a haife mu. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ku ci gaba da zuwa dubiya, kada ku fasa, domin ita ce ta riƙe birnin nan. Ku zo da lemo, ku zo da kunu, ku zo da addu'a. Maganin da ya yi muku aiki ku bar shi a gida. Idan zazzaɓi ya sauka amma mara lafiya ya fara amai, ko ciwon ciki, ko jini, ko idonsa ya canja, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku tsaya neman sunan ciwon a zaure. Ku kuma rufe randunanku.

Sa'adiyya tana samun sauƙi. Likita ya ce hantarta ta ɗan taɓu, amma tana komawa daidai. Kowace safiya nakan fito da ita tsakar gida, in ɗaga mata haɓa in duba idonta a hasken rana. Yau ma na duba. Ya yi ja saboda kuka, amma babu rawaya. Faifan yana nan a gefen gadonta, dabino ne a kai, na masu zuwa gaisuwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sa'adiyya, da Nusaiba da mijinta Kabiru da 'ya'yansu, da Inna 'Yardada wadda ta goye shi ta kuma ga an ɗauki gawarsa, da dukawan Kurmi, da jama'ar Sheshe baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi. Allah Ya ji ƙan Muttaka, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara a gare shi. Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haskaka shi da hasken Littafin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa sutura. Yadda bai taɓa mayar da hannun kowa ba, ya Allah kada Ka mayar da nasa. Allah Ya tashi kafaɗun Sa'adiyya, Ya ba duk marasa lafiya lafiya, mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Muttaka, wannan ita ce dubiyata ta ƙarshe, kuma ga abin da na kawo maka. Na san ba irin wanda ka roƙa ba ne, yajin ma ya yi yawa. Amma na san ka. Za ka karɓa da hannu biyu.